Babi na Shida: Zazzaɓin da Ba na Sauro Ba

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon ƙoda a Kudancin Kaduna ya san yadda labarin ke farawa. Ƙafa ta kumbura, a ce gajiyar gona ce. Fuska ta wayi gari suntum, a ce sanyi ne, wasu su ce sammu. A sha na kemis, a sha na gargajiya, a je wurin fasto ko malam. Sai ranar da numfashi ya gagara, amai ya ƙi tsayawa, ko mutum ya fara sambatu, sannan a ɗauki shatar mota daga Kwoi ko Zonkwa ko Kagoro a nufi Kafanchan. Daga can kuma sau da yawa a tura shi gaba, Jos ko Kaduna ko Zariya ko Abuja. Likita ya duba sakamakon gwajin jini, ya dubi 'yan'uwa ya ce ba za a kwana ba a fara wankin ƙoda ba.

Da zarar an kai wannan gaɓar, zaɓi ya ƙare. Injin wankin ƙoda yana buƙatar jini ya riƙa shiga cikinsa da gudu, kimanin mililita 300 a kowane minti, har na tsawon awa huɗu. Kafin a tashi, jinin jikin mutum gaba ɗaya ya zaga ta cikin injin fiye da sau goma. Ƙaramar jijiyar bayan hannu da ake sa wa ƙarin ruwa ba za ta iya ba da wannan ba. Dole a nemi babbar jijiya, ta wuya ko ta matsematsi, a zura mata roba mai baki biyu, ɗaya ja ɗaya shuɗi. Ma'aikatan asibiti na kiranta kateta ko layi, masu jinya kuma robar wuya. Wadda aka sa ta wuya, ƙarshenta yana dab da zuciya.

Robar nan tana ceton rai a daren farko, babu musu. Matsalar tana farawa ne idan kwana uku suka zama mako uku, mako uku suka zama wata uku, tana nan maƙale. A nan ne ake shiga abin da Hausawa ke cewa ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Neman hanyar shiga jini

Tun farkon tarihin wankin ƙoda, samun ƙofar shiga jini ya fi ƙera injin wahala. Willem Kolff, likita a ƙasar Holan, ya haɗa injinsa na farko a 1943 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Amma kowane wanki sai an yanka jijiya an cusa bututun gilashi, bayan an gama kuma jijiyar ta lalace. Ba a daɗewa jijiyoyin su ƙare. Saboda haka injin bai amfani kowa ba sai wanda ƙodarsa ta tsaya na ɗan lokaci.

A 1960, Belding Scribner na birnin Siyatil a Amurka ya samo dabarar barin bututu a hannun majinyaci dindindin. Mutumin farko da aka sa wa, Clyde Shields, ya ƙara shekara 11 a duniya. Sai dai bututun yana waje da fata, yana toshewa, yana kuma jawo ruɓa. A 1961 Stanley Shaldon a Landan ya fara zura roba ta jijiyar matsematsi, kakar wadda ake sa wa mutanenmu a yau. Gagarumin sauyi ya zo a 1966, lokacin da James Cimino da Michael Brescia da likitan tiyata Kenneth Appell a Niyok suka bayyana wata dabara: a ɗinke jijiyar da ke kawo jini daga zuciya da wadda ke mayar da shi, a wuyan hannu, a rufe fata. Cikin makonni jijiyar mayarwar takan yi kauri ta buɗe har ta iya ɗaukar manyan allurai biyu. In an gama wanki a zare allurai, fata ta rufe, babu wani baƙon abu da ya rage a jiki. Wannan haɗin jijiya shi ake kira fistula, kuma har yau ba a samu wanda ya fi shi ba.

Najeriya ta buɗe sashen wankin ƙoda na farko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a 1981, shekara 15 bayan an san fistula. Duk da haka, rahotannin da cibiyoyin ƙasar nan suka sha wallafawa suna nuna abu guda: akasarin majinyata da roba suke farawa, galibi ta matsematsi, kuma da yawa da ita suke ƙarewa. Ko a Amurka, kusan mutum 8 cikin 10 da roba suke fara wanki. Bambancin shi ne a can ana gaggawar raba su da ita.

Ta ina ƙwayar cuta ke bi?

Fatar mutum cike take da ƙwayoyin bakteriya, kuma muddin suna waje ba su cika cutarwa ba. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da wadda ake kira Staphylococcus aureus a hancinsa, lafiyarsa lau. Ita ce ke haddasa maruru idan ta sami kafa a fata. Idan ta sami hanyar shiga jini kuwa, tana cikin mafi kisa.

Roba tana ba ta hanya biyu. Ta farko ta waje: ƙwayar ta taso daga fatar da ke kewaye da hujin, ta bi jikin robar har cikin jijiya. Ta biyu ta ciki: duk lokacin da aka buɗe murfin bakin robar, abin da ke hannun mai buɗewa, ko numfashinsa, ko zanen gado, yana iya faɗawa. Da sun shiga sai su manne a bangon robar, su lulluɓe kansu da wani yauƙi, irin wanda ake ji a cikin randar da ta daɗe ba a wanke ba. Ƙwayoyin jini masu kare jiki ba sa iya ratsa yauƙin nan, magani ma da ƙyar. Ranar wanki, da injin ya fara jan jini da ƙarfi, sai ya ɓamɓaro su ya watsa cikin jiki.

Shi ya sa alamar da ma'aikatan sashen ƙoda suka fi sani ita ce wannan: mutum ya zo da ƙafarsa yana raha, a jona shi, bayan rabin awa ko awa guda ya kama rawar ɗari har gado na kaɗawa, haƙora na haɗuwa, a lulluɓa masa bargo biyu bai ji ɗumi ba. Wani kuma sai ya koma gida zazzaɓin zai rufe shi. Tsofaffi da waɗanda jikinsu ya yi rauni ƙwarai, wani lokaci ko zazzaɓin ba sa yi. Sai dai a ga sun rikice, sun daina gane mutane, ko awon jininsu ya faɗi.

Ƙwayar da ta shiga jini ba ta zama wuri ɗaya. Tana iya sauka a kan ƙyauren zuciya ta cinye shi, ta shiga ƙashin baya ta tara mugunya har ƙafafu su shanye, ko ta zauna a gwiwa ko huhu. Ciwon baya mai tsanani da ya taso wa mai roba makonni bayan zazzaɓi abin a koma asibiti ne, ba abin a shafa man zafi ba.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da alƙaluma a 2023 da ke nuna girman abin. Tsakanin 2017 da 2020, masu wankin ƙoda sun ninka sauran manya sau 100 wajen kamuwa da Staphylococcus aureus a jini. A cikinsu kuma, mai roba ya ninka mai fistula kimanin sau 6. Wannan a ƙasar da ruwan famfo da wutar lantarki ba abin roƙo ba ne.

Robar ma iri biyu ce. Akwai ta wucin gadi, wadda ake soka kai tsaye cikin jijiya a ɗinke ta da zare. An yi ta ne don kwanaki, ƙa'idar likitocin ƙoda ba ta so ta wuce mako biyu, ta matsematsi kuwa tun kafin haka ake son a cire, saboda wurin yana da gumi kuma yana kusa da mafitar bayan gida. Akwai kuma wadda ake bi da ita ta ƙarƙashin fata ta ɓullo a ƙirji, da wani ɗan zobe da nama ke kamawa ya toshe wa ƙwayoyi hanyar waje. Ta fi aminci, tana yin watanni, amma ta fi tsada nesa ba kusa ba. Don haka sai ka ga ta kwanaki tana aikin ta watanni.

"Maleriya ce da taifot"

A ƙasar Jaba da Kagoro da Jama'a, musamman da damina, zazzaɓi ba baƙo ba ne. Kowa ya san sunansa tun kafin a gwada, kowa ya san inda ake sayen maganinsa. Wannan sabon da aka yi da shi ne babban tarkon mai roba.

A ce manomin citta ne, an yi masa wanki ranar Talata, ya sha doguwar hanya ya iso gida da daddare. Laraba da yamma jikinsa ya yi zafi. Ɗansa ya tafi kemis.

"Oga, Baba ne ba lafiya. Zazzaɓi da ciwon kai tun la'asar."

"Yana rawar ɗari?"

"Sosai ma."

"Maleriya ce da taifot. Ka kai masa wannan, in bai sauka ba gobe in zo in yi masa allura."

Mai kemis bai tambayi roba ba, yaron ma bai ga dalilin faɗa ba. An haɗa maganin maleriya, da farasitamol, da 'yan kafso na kashe ƙwayoyin cuta. Zazzaɓi ya ɗan lafa, kowa ya yi hamdala. An yi asara biyu ke nan. An rasa kwana biyu ko uku da ƙwayar ke ninkuwa a jini. Sannan kafson da ya sha bai isa ya kashe ta ba, amma ya isa ya ɓoye ta, ta yadda idan an ɗebi jini a asibiti aka ajiye a kwalba don a ga abin da zai tsiro, sai a ga babu komai.

Ko gwaji ma yana iya ruɗarwa. A inda sauro ya yi yawa, mutane da dama suna yawo da ƙwayar maleriya a jini ba tare da ita ce ke kwantar da su ba. Gwajin Widal da ake dogaro da shi wajen cewa taifot ce ya shahara da nuna cutar a inda babu ita. Mai roba yana iya samun maleriya kamar kowa, yana kuma iya haɗa biyun. Abin da likitocin ƙoda suka tsaya a kai shi ne: duk zazzaɓin da ya kama mai roba, daga robar yake har sai an tabbatar ba daga ita ba ne.

A asibiti, abin da ya kamata shi ne a ɗebi jinin gwaji tukuna, sannan nan take a fara magani ta jijiya ba tare da jiran sakamako ba. Galibi ana haɗa biyu, kamar vancomycin da ceftazidime ko gentamicin, don a tare manyan rukunan ƙwayoyin duka. Ba a auna su kamar na mai lafiyayyar ƙoda, yawanci a ƙarshen wanki ake bayarwa, kuma gentamicin idan ta yi yawa tana kurmantarwa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba aikin kemis ba ne. Idan robar ta wucin gadi ce, a cire. Idan ta ƙarƙashin fata ce kuma aka ga Staphylococcus aureus ko Pseudomonas ko ƙwayar fangas, ita ma a cire, ko da kuwa jiya aka biya kuɗinta. Magani kuma na makonni ne, daga biyu har zuwa shida gwargwadon ƙwayar da inda ta kai. Wanda ya daina don ya ji sauƙi a kwana na biyar, zai dawo da wadda ta fi ta farko taurin kai.

Minti biyar ɗin jona inji

Mafi yawan rigakafin yana cikin 'yan mintocin da nas ke jona mutum da kuma cire shi. Yana da kyau mai jinya ya san yadda ake yi daidai.

Nas za ta wanke hannu, ta sa sabuwar safar hannu. Ita da majinyaci kowa ya sa takunkumi, shi kuma ya juyar da fuskarsa ɗaya gefen, babu hira. Ta shimfiɗa ƙyalle mai tsabta a ƙarƙashin bakunan robar don kada su taɓa riga ko zanen gado. Ta tabbatar maƙallin kowane baki a danne yake, sannan ta kwance murfin ja. Ta ɗauki audugar da aka jiƙa da chlorhexidine ko sifirit, ta murza bakin da ƙarfi, gefe da gefe da cikin zaren murfin inda busasshen jini ke maƙalewa, kamar daƙiƙa 15. Ta bar shi ya bushe da kansa, ba a hurawa, ba a fifita. Ta sa sirinji ta zuƙe maganin hana daskarewar jini da aka bari a ciki tun wankin baya. Sannan ta ɗauki sabuwar auduga ta yi wa shuɗin haka. Idan a tsakani ta taɓa injin, ko waya, ko majinyacin gadon kusa, sai ta sake safa.

Babu abu mai tsada a nan. A jihar Mishigan ta Amurka, wani likita mai suna Peter Pronovost ya sa ɗakunan kula da marasa lafiya masu tsanani 103 suka riƙa bin matakai biyar duk lokacin da za a sa irin wannan roba: wanke hannu, rufe jiki da kayan tiyata, goge fata da chlorhexidine, kauce wa matsematsi, da cire robar da zarar ba a buƙatarta. Sakamakon da aka wallafa a 2006 ya nuna cutar ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Abu guda da ya taimaka shi ne an ba nas ikon tsayar da likita idan ya tsallake mataki.

Mu a nan, kunya da girmamawa sukan ɗaure wa mai jinya baki. Amma akwai hanyar magana da ba ta zubar da mutuncin kowa: "Sista, don Allah a ba Baba takunkumi kafin a buɗe." Nas ɗin da ke kula da gadaje da yawa ita kaɗai tun safe, sau da yawa godiya za ta yi.

Bokiti, gumi da ƙura

Awa huɗu ake yi a kan inji. Sauran kwanakin mako robar tana hannun mutanen gida, kuma umarnin "kada ruwa ya taɓa" yana da sauƙin faɗa a ofishin likita.

Wankanmu na bokiti ne, a kamfato ruwa a sheƙa daga ka. Mai robar wuya ko ƙirji ya yi sallama da wannan har sai an cire. Daga cibiya zuwa ƙasa ya yi wanka yadda ya saba. Sama kuwa sai da jiƙaƙƙen tawul, a goge a kewaye filastar ba tare da an matso ta ba. Wanke kai sai an sami mai taimako, ya sunkuya gaba, an rufe wurin da leda da busasshen tawul. Mai ta matsematsi ya fi kowa wahala, domin tsuguno da tsarki duk suna kusa da ita. Zuwa rafi ko shiga fadama babu shi. Musulmin da wankan ibada ya wajaba a kansa ya tambayi malaminsa, domin shari'a ta yi wa mara lafiya sauƙi.

Da bazara, a watan Maris da Afrilu, gumi ke ɗaga filasta. Da hunturu kuma ƙura, musamman ga wanda zai hau babur daga ƙauye zuwa bakin titi kafin ya sami motar Jos ko Abuja. Riga mai maɓalli a gaba da ɗan gyale mai tsabta a kan wurin suna rage wahala. Filastar da ta jiƙe ko ta ɗago ba a gyara ta da salatif a gida. A je asibiti mafi kusa a sake ta da kayan da aka tsabtace. Ba a shafa man kaɗanya, ko zuma, ko toka, ko man addu'a a bakin hujin. Ba a yarda kowa ya buɗe murfin don yin allura ko ƙarin ruwa, ko da ma'aikacin lafiya ne, in ba na sashen ƙoda ba. Ja, kumburi, zafi ko mugunya a wurin, ko zare ya tsinke robar ta ɗan zamo, duk na tafiya asibiti ne a ranar. Wadda ta zamo kuma ba a tura ta ciki.

Lissafin da ke tsare mutum a kan roba

Tambayar da ta rage ita ce me ya sa ba a yi wa kowa fistula. Amsa ta farko lokaci ne. Fistula tana buƙatar mako shida zuwa wata uku ko fiye kafin ta nuna, don haka mai zuwa a galabaice ba zai iya jiranta ba. Amsa ta biyu kuɗi ne. Wani nazari da Gloria Ashuntantang ta ƙasar Kamaru ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2017, ya gano cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, cikin manyan da suka fara wankin ƙoda, kusan mutum 1 cikin 10 ne ke iya ci gaba har wata uku. Iyalin da ke harhaɗa kuɗin wanki ɗaya da gudummawar coci, da Zumuntar Mata, da faifan masallaci, da sayar da akuya, ba sa iya hango tiyatar da amfaninta sai bayan wata biyu. Cutar da ta ruɓar da citta a Kachia da Jaba da Kagarko a daminar 2023 ta ƙara tsananta lamarin, domin citta ce asusun gidaje da yawa.

Amma lissafin yana da ɗaya gefen. Kwanciya ɗaya saboda cutar jini, da kuɗin gado, da makonnin allurai, da sabuwar roba, tana iya cinye abin da ya kai kuɗin fistula ko ya fi, kuma bayan an warke ana nan dai a kan roba. Duk wanda likita ya tabbatar masa ƙodarsa ba za ta farfaɗo ba, ya tayar da maganar fistula tun makon farko, kada ya jira a tayar masa. Wanda kuma aka ce ƙodarsa ta fara rauni amma bai kai ga wanki ba, tun ran gini tun ran zane: ya ware hannun da bai cika aiki da shi ba, ya hana a riƙa sokarsa don ɗibar jini ko ƙarin ruwa, domin jijiyoyin wannan hannun su za a nema nan gaba.

A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, ta kuma amince a mayar da asibitin Patrick Yakowa na Kafanchan cibiyar lafiya ta tarayya. Idan ana maganar kula da masu ciwon ƙoda a yankin, hankalin jama'a da na 'yan siyasa yakan tafi kan yawan injuna, domin su ake ɗauka a hoto ranar buɗewa. Abubuwan da ke hana majinyaci mutuwa da cutar jini su ne likitan tiyatar da ya iya ɗinka fistula, ɗakin gwajin da zai iya gano ƙwaya cikin kwana biyu ko uku, isassun nas, chlorhexidine da ba ta yankewa, da littafin da ake rubuta duk wanda ya kamu a kowane wata. Waɗannan ya kamata ƙungiyoyin ci gaban garuruwa da sarakuna su riƙa tambaya a kansu. Masu kemis da ma'aikatan ƙananan asibitocin ƙauye kuma, tambaya ɗaya za su ƙara kafin su miƙa maganin zazzaɓi: akwai roba a jikinsa?

A babi na gaba za mu shiga ɗakin tiyata mu ga yadda ake ɗinka fistula, da yadda mai ita zai riƙa duba lafiyarta da yatsunsa kowace safiya.